Makaɗan Hausa da gangunansu: daga gangar noma zuwa fiyano

Idan aka tambayi mai sauraron waƙoƙin Hausa wane makaɗi ya fi so, da wuya amsarsa ta wuce Mamman Shata ko Musa Ɗanƙwairo ko Ibrahim Narambaɗa ko Barmani Choge.

Amma idan aka ce ya ambaci sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda ke rataye da kalangu a bayan Shata, sai a ga ya yi shiru, ko da kuwa ya haddace waƙoƙin daga farko har ƙarshe.

Dalili shi ne a ƙasar Hausa kalmar makaɗi ta haɗa mai waƙa da mai bugun ganga, kuma jagoran ƙungiya ne ke ɗauke da sunan. A yankin Sakkwato da Zamfara ma kalmar ta zama tamkar laƙabi, inda akan ce Makaɗa Narambaɗa ko Makaɗa Sa'idu Faru.

Duk da haka ganga ce ke bambanta wannan mawaƙi da wancan. Ita ke nuna ko wa ake yi wa waƙar, da matsayinsa a cikin al'umma, da kuma irin taron da ake ciki. A shekaru talatin ɗin da suka wuce wannan tsari ya girgiza, tun bayan da na'urar fiyano ta shiga ɗakunan ɗaukar sauti na Kano, kuma sana'o'in da suka riƙe makaɗa suka sauya kama.

Kowace sana'a da gangarta

A al'adar Hausawa kusan kowace sana'a tana da nata kiɗa. Mahauta suna da kalangu, maƙera suna da dundufa, mafarauta da 'yan tauri suna da talle, sarakuna suna da tambari da jauje da kotso da taushi, manoma kuma suna da gangar noma.

Wanda ya san wannan tsari, ko daga nesa ya jiyo sauti zai iya faɗin abin da ke faruwa a gari. Kalangu da sassafe a kasuwar ƙauye na nufin Sarkin Fawa ya yanka sa. Tambari daga fada na nufin wani babban al'amari na sarauta.

Gangar noma babba ce mai baki biyu, kuma akan haɗa ta da wata ƙarama da ake kira kazagi. Babban fagenta shi ne gayya, wato aikin da samarin gari kan taru su yi wa mutum ɗaya a gonarsa, shi kuma ya tanadi fura da tuwo da goro.

Makaɗi kan bi sahun manoman a cikin kunya, yana kaɗa taken kowane saurayi. Wanda ya ji takensa sai ya ƙara ƙaimi don kada a bar shi a baya, musamman da yake 'yan mata na gefen gona suna kallo. Manomin da ya kai ga tara dami dubu a kaka ɗaya akan yi masa biki, a wasu wuraren har a naɗa shi Sarkin Noma, ya sami take nasa na kansa.

Yankin Kura da Garun Mallam da Bunkure, a kudu da birnin Kano, misali ne na yadda sauyin noma ke shafar kiɗa. Tun bayan kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin gwamnatin Audu Bako, aka riƙa janyo ruwa ta magudanai zuwa filayen Kadawa da kewaye, inda ake noman shinkafa da alkama da masara da tumatir da albasa, rani da damina. Kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan da ke ƙaramar hukumar Garun Mallam na daga cikin mafi girma a arewacin Najeriya.

Irin wannan noma na kasuwa ne, kuma da kuɗi ake biyan aikinsa. Mai gona kan ɗauki 'yan ƙwadago su yi dashe ko yanka, ya yi hayar tarakta, ya sayi maganin feshi ya kashe ciyawar da a da sai an yi mata noman firi da maimai. Waɗannan nome-nome na fartanya kuwa su ne ake kiran gayya dominsu. Inda aka daina gayya, mai gangar noma ya rasa fagensa na asali, sai dai a neme shi wajen biki ko taron gwamnati na nunin amfanin gona.

Yadda ganga ke magana

Hausa harshe ne mai karin sauti, wato tashi da faɗuwar murya na sauya ma'anar kalma. Kalmar kuka misali ce. Idan muryar ta tsaya sama a gaɓoɓin biyu, ana nufin kukan yaro. Idan ta faɗo a gaɓa ta biyu, ana nufin itacen da ake miya da ganyensa. Haka kuma tsawon wasali ke raba gari na mazauni da garin tuwo.

Waɗannan abubuwa biyu, karin sauti da tsawon gaɓa, su ne makaɗi ke kwaikwayo.

Kalangu itace ne da masassaƙi ya fafe, mai faɗi a baki biyu da siririn tsakiya. Ana rufe bakunan da fata mai laushi, galibi ta ɗan akuya, sannan a haɗa su da tsarkiyoyi. Makaɗi kan rataya shi a kafaɗa ya saƙale a hammata. Idan ya matse tsarkiyoyin fatar kan ɗaure, sauti ya tashi. Idan ya sassauta, sauti ya sauka. Da lanƙwasasshen sanda a hannu ɗaya da yatsun ɗaya hannun yake fitar da jimla sukutum.

Abin da ganga ke faɗa a kan wani mutum ko wata sarauta shi ake kira take. Kirari da baki ake yin sa, take kuwa da ganga ko abin busa. Sarki na da nasa, hakimi na da nasa, ɗan dambe da ɗan kokawa da manomi da budurwa a dandali kowa na iya samun nasa.

Sai dai ganga ba ta fitar da baƙaƙe da wasula, karin kawai take bayarwa. Saboda haka sai wanda ya riga ya san kalmomin taken ne zai gane abin da ake faɗa. Wannan ilimi ba a rubuce yake ba, a kunnuwan jama'ar gari yake, kuma daga uba zuwa ɗa makaɗa ke gadonsa.

A ƙungiyar kalangu aiki rabe yake. Babban kalangu shi ke magana. Ɗan karɓi, wanda ƙarami ne da aka ɗaure tsarkiyoyinsa tamau, yana riƙe da sauti ɗaya mai kaifi. Kuntuku kuma, wata 'yar ƙaramar ganga mai baki ɗaya, ita ke riƙe da ma'aunin kiɗan don kada a kauce.

Gangunan fada

Tarihin kiɗan sarauta a Kano daɗaɗɗe ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya lissafa kakaki a cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su fada.

Tambari shi ne uban gangunan fada. Babba ne mai siffar akushi, ana rufe shi da fatar sa, kuma ba a kaɗa wa kowa shi sai sarki. Akan ji shi ranar naɗin sabon sarki da daren salla da lokacin hawa, a da kuma har da fita yaƙi. A yayin hawa akan ɗora tambura a kan raƙuma.

Jauje ya yi kama da kalangu amma ya fi shi girma, kuma na sarauta ne. Kotso shi ma yana da siririn tsakiya da tsarkiyoyi, sai dai baki ɗaya kawai ake rufewa, kuma da hannu ake kaɗa shi. Taushi da banga ƙanana ne masu siffar ƙwarya, su ma da yatsu ake buga su. Akan liƙa ɗan danƙo a tsakiyar fatar kotso da taushi domin sautin ya yi zurfi.

Shugabannin waɗannan makaɗa na da sarautu a fada, kamar Sarkin Tambura da Sarkin Jauje da Sarkin Kotso da Sarkin Taushi da Magajin Banga.

Da kotso Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa Amadu waƙoƙin da har yau ake nazarinsu a jami'o'i. Da kotso kuma Sa'idu Faru da Musa Ɗanƙwairo suka yi suna. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ɗan makaɗin noma ne, kuma da waƙoƙin manoma ya fara kafin ya koma fada, har ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa.

Salihu Jankiɗi, makaɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Aliyu Ɗandawo da Mamman Sarkin Taushin Katsina kuwa da taushi aka san su.

A irin waɗannan ƙungiyoyi 'yan amshi su ne makaɗan. Mutum na kaɗa kotso yana kuma karɓar waƙa, har ma ya ƙarasa baitin da jagora ya fara. Wannan ne ya sa waƙar fada ke da sarƙaƙiya, kuma ba a iya koyonta sai an daɗe tare, abin da ya sa galibi 'yan'uwa da 'ya'ya ne ke cikin ƙungiyar.

Kalangu ya fita daga mahauta

Asalin kalangu na mahauta ne, kuma da yake dambe wasan mahauta ne da suke yi gari-gari bayan kaka, sai ya zama kiɗan dambe. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, wanda waƙoƙinsa suka ɗaukaka sunan ɗan damben nan Shago, da kalangu ya yi su. Haka kuma kalangu ne kiɗan 'yan mata a dandali da wajen biki.

Wanda ya kai kalangu inda bai taɓa zuwa ba shi ne Mamman Shata. An haife shi a Musawa ta ƙasar Katsina a 1923, ya rasu a Kano ranar 18 ga watan Yunin 1999, aka yi jana'izarsa a Daura.

Shata bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga harkar ba, domin a wancan zamani ana kallon makaɗa a matsayin maroƙa. Bai kuma ɗaure kansa ga fada ɗaya ba. Ya yi wa sarakuna waƙa da attajirai da sojoji da direbobi da mata da 'yan siyasa, duka da gangar da a da ake ganin ba ta isa ta shiga zauren sarki ba. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta.

Shi kansa Shata ba ya riƙe kalangu a fage. Yana tsaye ne yana waƙa, sau da yawa nan take yake ƙirƙirar baitukan, amshi kuma gajere ne da ake maimaitawa. Wannan salo ya ɗora wa makaɗansa nauyi mai yawa. Su ne za su riƙe ma'aunin waƙar na tsawon lokaci ba tare da sun karkace ba, su cike gurbi idan ya tsaya tunani, su kuma sauya nan take idan ya juya akala. Masu sauraro kan gane waƙar da za a yi tun daga bugun farko, kafin ya buɗe baki.

Rediyo ne ya yaɗa wannan kiɗa. Gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, ya ɗauki waƙoƙin makaɗa da dama, daga baya kuma faifan garmaho da kaset suka kai su har zango-zangon Hausawa a Ghana da Kamaru da Sudan. Amma a jikin faifan sunan jagora kaɗai akan rubuta. Kyautar da aka samu ma, ko riga ce ko doki ko mota ko kujerar Makka, jagora ake bai wa, shi kuma ya raba wa yaransa gwargwadon matsayinsu.

Kiɗan mata

Mata na da nasu kiɗa, kuma daga kayan aikin gida ya samo asali. Lugude, wato yadda mata biyu ko uku kan haɗu a turmi ɗaya suna cilla taɓarya suna tafi suna buga gefen turmin, kiɗa ne cikakke mai ma'auni. Shantu kuma dogon duma ne da 'yan mata kan buga a cinya lokacin zaman lalle.

Mafi shahara shi ne kiɗan ƙwarya. Akan kifa babbar ƙwarya a cikin ruwa a buga ta da 'yan sanduna, ta ba da sauti mai zurfi, sannan a kifa wasu ƙanana a ƙasa masu ba da sauti mai kaifi. Da wannan ake kiɗan amada, wanda a da yake da alaƙa da bori, daga baya ya zama kiɗan suna da biki a cikin gida.

Hajiya Uwaliya Mai Amada a Kano da Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa su ne suka fito da amada fili. Barmani, wadda ta rasu a 2013, ta yi waƙoƙi kan kishi da haihuwa da muhimmancin mace ta riƙe sana'a, kuma mata ne ke kaɗa mata ƙwarya suna amshi.

Malamai da bandiri

Muhawara kan hukuncin kiɗa ta daɗe a ƙasar Hausa. Shugabannin jihadin ƙarni na 19 sun soki kiɗan bori da tarukan da ke cakuɗa maza da mata, amma a rubuce-rubucensu sun yi rangwame ga gangar yaƙi da ta shela da kuma ganga mai baki ɗaya ta bikin aure. Ko bayan jihadi tambura ba su bar fadoji ba.

A Kano, ɗariƙar Ƙadiriyya ta ba kiɗa wani gurbi a cikin zikiri. Marigayi Sheikh Nasiru Kabara, wanda ya rasu a 1996, ya ƙarfafa amfani da bandiri, kuma har yau shi ne sautin da ke cika titunan birnin ranar Maukibi. Wasu malamai na sukar hakan, mabiya ɗariƙar kuma na kare shi da nasu hujjojin.

Daga nan ne ƙungiyoyin sha'irai masu yabon Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ɗauki bandiri. Wasu daga cikinsu, kamar Ushaƙu Indiya, sun riƙa ɗora yabon a kan karin waƙoƙin finafinan Indiya, abin da masanin nan Brian Larkin ya yi nazari a kai.

Bayan ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Kano a shekara ta 2000 da kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001, sa ido kan tarukan kiɗa ya ƙaru, kuma makaɗan dandali na daga cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Zuwan fiyano

Kayan kiɗan Turawa sun daɗe da shigowa arewa ta hanyar badujalar soja da 'yan sanda, amma ba su kama zukatan jama'a ba. Abin da ya kawo sauyi shi ne finafinan Hausa na bidiyo, waɗanda suka fara da Turmin Danya a Kano a 1990.

Masu shirya finafinan sun tashi da kallon finafinan Indiya, saboda haka suna buƙatar waƙar soyayya tsakanin namiji da mace, abin da makaɗan gargajiya ba su saba yi ba. A tsakiyar shekarun 1990 ɗakunan ɗaukar sauti irin na Iyan-Tama suka fara aiki da na'urorin Yamaha, waɗanda Hausawa ke kira fiyano. Na'urar na ɗauke da sautuka da dama, wasunsu sun yi kama da ganga da sarewa da goge.

Fim ɗin Sangaya na 1999 ya nuna cewa wannan kiɗa na da kasuwa, kuma daga nan aka shiga zamanin waƙoƙin nanaye. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa kan wannan sauyi.

Lissafin a bayyane yake. Mawaƙin gargajiya na tafe da mutum takwas ko goma waɗanda zai ciyar, ya tufatar, ya ɗauki nauyin tafiyarsu. Mawaƙin zamani kuwa mutum ɗaya yake buƙata a gaban na'ura, ya biya shi kuɗin aiki, a gama waƙa cikin yini guda. Daga baya kwamfuta da manhajojin haɗa kiɗa suka ƙara sauƙaƙa aikin, titin Gidan Zu na Kano ya cika da ɗakunan ɗaukar sauti. A wajen biki kuma mai saka faifai da manyan lasifikoki ya karɓe filin da mai kalangu ke tsayawa.

Sai dai sautin tsohuwar gangar bai ɓace ba. Mawaƙa irin su Aminu Ala da Naziru M. Ahmad da Ali Jita da Dauda Kahutu Rarara kan sa sautin kalangu ko kotso ko tambari a waƙoƙinsu, musamman na sarauta da biki da siyasa. Wani lokaci makaɗi ake kira ya buga a ɗauka, wani lokaci kuma sautin da aka riga aka adana a kwamfuta ake maimaitawa.

Bambancin da ke tsakani shi ne kiɗan da aka adana ba ya sauraron kowa. Ba zai ga hakimi ya shigo ya juya zuwa takensa ba, ba zai bi ƙafar mai rawa ba. Wani abin lura kuma shi ne mawaƙan zamani kan ambaci sunan mai kiɗansu da na ɗakin da aka yi aikin a cikin waƙa, ta yadda mai danna fiyano a yau ya fi masu kalangun jiya samun suna.

Maƙwabta da sauran duniya

Ganga mai tsarkiya ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Yarabawa na da dundun da gangan, Dagwambawan arewacin Ghana na da lunga, mutanen Senegal kuma na da tama. Dukkansu na kwaikwayon magana da riƙe tarihin sarakuna.

A kudancin Najeriya mai ganga ya sami damar yin suna da kansa. Babatunde Olatunji ya gabatar wa Amurkawa gangunan Yarabawa da faifansa Drums of Passion da ya fito a 1960. Tony Allen, wanda aka haifa a Legas a 1940, shi ne ya riƙe gangunan ƙungiyar Fela Kuti har zuwa ƙarshen shekarun 1970, kuma ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya aza harsashin kiɗan Afrobeat tare da Fela. Ya rasu a birnin Paris a watan Afrilun 2020. Shahararren mai ganga ɗan Ingila Ginger Baker ma ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970, ya yi aiki da Fela.

Abin da ya ba waɗannan damar shi ne tsarin kamfanonin faifai na ƙasashen Turai da Amurka, inda akan rubuta sunan kowane mai kiɗa da abin da ya buga. A ƙasar Hausa kuwa darajar waƙa na ga kalmominta, shi ya sa mai faɗar su ya rinjayi mai kaɗawa.

A Jamhuriyar Nijar an fi samun haɗa tsoho da sabo a fage ɗaya. Ƙungiyar Tal National ta birnin Yamai, wadda faifanta Kaani ya fita kasuwannin duniya a 2013, na haɗa jita da gangunan Turawa da kalangu, tana waƙa da Hausa da Zabarmanci da sauran harsunan ƙasar.

Inda ganga ke da rai

Akwai wuraren da na'ura ba ta karɓe ba, kuma duka wurare ne da ake buƙatar makaɗi ya ga abin da ke gabansa ya amsa nan take.

Na farko shi ne fagen dambe. A dandalin Ado Bayero da ke Kano da gidan damben Dei-Dei a Abuja, 'yan damben Kudu da Arewa da Guramada ba sa shiga fili sai an kaɗa musu take, sun yi kirari. Haka abin yake a kokawar Nijar.

Na biyu shi ne fada. Hawan salla ba ya yiwuwa sai da tambura da kakaki da algaita, kuma a watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano a jerin al'adun duniya da ya kamata a kiyaye. Na uku shi ne zikiri da majalisin yabo. Akwai kuma tashe a watan azumi, inda yara kan fara koyon ma'aunin kiɗa da gwangwani da tsohuwar roba.

Ta fuskar adanawa an yi wani ƙoƙari. David Ames da Anthony King sun wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa da mawaƙa da dama a littattafansa. Ibrahim Sheme da abokan aikinsa sun fitar da tarihin Shata mai suna Shata Ikon Allah a 2006. Tsofaffin faya-fayan rediyo kuma da yawa sun koma intanet, inda matasa ke sauraronsu a waya.

Amma galibin wannan aiki kalmomin waƙa ya kiyaye da tarihin jagorori. Abin da ke hannun makaɗi ya fi wuyar adanawa, wato yadda ake zaɓar itace a fafe shi, da yadda ake jeme fata a ɗaura, da kuma ɗaruruwan taken da ba su da wani mazauni sai ƙwaƙwalwar mai kaɗa su da ta masu jin su.

A ƙauyukan Garun Mallam da Kura da Bunkure, kamar sauran ƙasar Hausa, waɗanda suka yi noman gayya da ƙuruciyarsu yanzu dattawa ne. Su ne za su iya jin bugu uku ko huɗu na gangar noma su faɗi ko taken wa ake kaɗawa, da gidan da ya fito, da abin da ya yi har aka ba shi taken. Ɗaukar wannan bayani daga bakinsu, tare da sautin gangar da sunan wanda ya buga ta, aiki ne da sassan nazarin Hausa na jami'o'i da gidajen rediyon jihohi da hukumomin raya al'adu ke da kayan yin sa, matuƙar an yi shi tun masu ilimin na raye.